Ranar da Baffa Ya Rabu da Ruwa

Ina shekarata ta biyu a jami'a a Kalgo, malaminmu na Turanci ya shigo aji wata rana da hantsi, ya rubuta kalma ɗaya a allo: abjure. Dattijo ne mai sanyin murya. Ba Bahaushe ba ne, amma ya daɗe a ƙasarmu, yana jin Hausa fiye da yadda yake nunawa. Ya ajiye alli, ya ce mu ba shi ita da harshenmu.

Wani ya ce murabus. Malam ya girgiza kai, ya ce wannan na sarki ne ko mai muƙami, kuma Turawa suna da wata kalmar dominsa. Wata ta ce musu. Ya ce mai musu cewa yake yi abin bai taɓa zama nasa ba, shi kuwa wannan ya yarda nasa ne. Aka ce tuba, aka ce saki, ajin ya yi dariya. Wani da ya yi karatun Arabiyya ya ce barranta. Malam ya ce ya matso kusa, amma da saura.

"Rabinta na farko yana nufin nesa," in ji shi, "rabin na biyu kuma rantsuwa. Mutum ne zai tsaya a gaban jama'a ya rantse cewa abin da yake riƙe da shi, aƙida ce ko mubaya'a ko wata tsohuwar al'ada, ya rabu da shi har abada. Ba a yin ta a zuci, kuma ba a yi wa wani. Ba za ku ji ta a kasuwa ba, kalmar kotu ce da tsofaffin littattafan addini. In kuka ji Bature ya ce ya yi ta a kan shan shayi, to barkwanci yake yi."

Na rubuta abin da ya faɗa don jarrabawa, na rufe littafi. A ƙarshen makon na tafi gida Gwandu, na tarar da saƙon Baffa yana jiranmu.

Baffa yayan mahaifina ne. Asalinmu masunta ne daga wani ƙauye a bakin gulbi, gaba da Diggi. Mahaifina ya bar su tun yana saurayi, ya koyi ɗinki, ya zauna a Gwandu, ya auri mahaifiyata, 'yar makiyayan da suka zauna a wajen Kambaza. Inna ba ta son ruwan da ya wuce na randa. Baffa kuwa shi ya zauna a ƙauye, kuma shi ya gaji abin gidanmu.

Ba a kiran abin da suna a gabanmu. Abin da na sani shi ne, idan mutum ya nutse a yankin nan aka rasa gawarsa, Baffa ake nema. Zai zo ya tsuguna a bakin ruwa, ya sa tafin hannunsa a kai, ya yi magana ƙasa-ƙasa kamar mai gaisawa da surukai, sannan ya shiga. Ina yarinya na taɓa ganin ya nutse, ya daɗe har mata suka fara salati, sai ga shi ya ɓullo can nesa yana jan mutum, numfashinsa ko sauyawa bai yi ba. Kada ba ya taɓa shi. Kowace shekara kafin a buɗe su, wato kamun kifi, yakan tafi shi kaɗai da ƙwaryar gumba da nono, ya dawo da ita wayam. In an tambaye shi sai ya ce, "Masu wurin sun gaishe ku."

Allah bai bar masa 'ya'ya ba, duk sun rasu suna ƙanana. Da matarsa ta rasu kuma, sai ya lizimci karatu a zauren liman. Saƙon da ya aiko shi ne duk wanda ya haɗa jini da shi ya zo ranar Asabar ya zama shaida.

Muka isa da hantsi, ni da mahaifina. Inna ta ce ba za ta ba, kuma ta hana ƙannena zuwa. Mun tarar da jama'a a bakin gulbi: liman, mai gari, masunta da tsofaffin mata a gefe. Bazara ce, rana ta riga ta yi zafi, ruwan ya ja ya bar rairayi mai faɗi. Baffa yana tsaye cikin farar riga, ba takalmi. A gabansa an tara layu da guraye, da wata tsohuwar ƙwarya da ta yi baƙi, da wani zobe na tagulla da ban taɓa ganin hannunsa babu shi ba.

Mahaifina ya tambaye shi a hankali, "Yaya, ka yi tunani kuwa?"

"Na yi," in ji Baffa. "Tsufa ya zo. Ba ni son in tashi gaban Ubangiji da iyayengiji biyu."

Ya yi alwala da ruwan buta, ba na gulbi ba. Liman ya miƙa masa Alƙur'ani, ya karɓa da hannu biyu, ya fuskanci jama'a.

"Ku shaida," ya ce. "Wanga abu ni na gada, ni na riƙa, ban musu ba. Na ci da shi, na sha da shi. Yau na aje. Ba ni ba su, duniya da lahira. Ba ni kira, in sun kira ba ni amsawa. Na rantse da wanda ya saukar da wanga littafi."

Sai na gane cewa abin da aka rubuta mana a allo a farkon makon nan shi ne a gabana, a bakin mutumin da bai san ko harafi ɗaya na boko ba. Mahaifina ya matsa kusa da kunnensa, na ji yana cewa, "Ka ce da zuriyarmu duka."

Baffa ya dube shi. "Bakina ni kaɗai ya ɗauka. Ba ni rantsuwa da bakin wani."

Daga nan ya juya ya fuskanci gulbi. Liman ya ce ba sai ya yi haka ba, jama'a sun riga sun ji. Baffa ya ce, "Da su munka ƙulla, malam. Dole su ji." Ya maimaita rantsuwar kalma bayan kalma. Aka cinna wa layun wuta, aka fasa ƙwaryar, ya jefa zoben a cikin wutar.

Abin da na fara lura da shi shi ne shiru. Tsuntsayen da ke ta kuka a cikin ciyawa suka daina lokaci ɗaya. Babu iska. Sai wani warin laka mai nauyi ya taso, irin na ƙasan rijiya in ana yasa. Ruwan da ke taɓa yatsun ƙafar Baffa ya ja baya kamar taki guda, ya bar jiƙaƙƙen rairayi, alhali a sauran gaɓar yana nan inda yake. Wata tsohuwa ta ce innalillahi.

Sai wata 'yar igiyar ruwa ta taso daga wajen Baffa, ta bi gaɓa a hankali. Ba ta bi inda gulbi ke gudu ba, sama ta yi. Tana tafiya tana dakatawa a gaban mutane, kamar baƙon da ya shigo taro yana duba fuskoki. Ta wuce masunta, ta wuce mai gari, ta ɗan tsaya a gaban mahaifina, ta wuce. Da ta iso inda nake, sai ta hau rairayi ta jiƙa mini takalmi, ta koma. Ruwan yana da ɗumi kamar hannun mutum. Na gaya wa kaina babban kifi ne ya gifta. Tsuntsaye suka ci gaba da kukansu, liman ya shafa fatiha.

Jama'a na watsewa, Baffa ya shiga ruwa don ya jawo jirginsa ya miƙa wa wanda ya bar wa. Wurin bai kai ƙugu ba. Santsi ya ɗebe shi, ya faɗi, sai muka ga yana ta dukan ruwa da hannu biyu, yana haɗiya, kamar wanda bai taɓa ganin gulbi ba. Mutane suka tsaya suna kallo, sun zaci wasa ne. Sai da mahaifina ya yi ihu sannan masunta biyu suka faɗa suka fito da shi. Ya yi ta tari yana amayar da ruwa. Da numfashinsa ya dawo, ya yi wata 'yar dariya.

"Sun karɓa," ya ce.

Bai ƙara kwana a ƙauyen ba. Muka dawo da shi Gwandu, aka ba shi ɗakin zaure. Hannun da ya saba saƙa komar kamun kifi ya koma saƙa ragar ɗaukar harawa, yana sayar wa masu jakuna da makiyaya. Ya yi ƙiba kaɗan, ya shiga sahun farko a masallaci. Ko fadama ba ya zuwa.

Ni kuwa na koma Kalgo, abubuwa suka fara canzawa a hankali, ta yadda ba zan iya nuna wa kowa ba. Da tsakar rana, ina zaune a aji, sai warin lakar nan ya zo ya wuce. Bakin hijabina yakan yi danshi a cikin zafin da ke busar da wanki kafin a gama shanya. Abokiyar ɗakina ce ta fara magana. Mun ɗebo ruwa a famfo tare, mun ajiye bokitai gefe da gefe, muna cin abinci, sai ta daina tauna.

"Ke, dubi ruwanki," ta ce. "Nawa ya kwanta tun ɗazu. Naki har yanzu motsi yake."

Na duba. Yana ɗan kaɗawa daga gefe zuwa gefe, kamar ana numfashi a ƙarƙashinsa. Na ce ƙasan wurin ne ba daidai ba. Ta matsar da shi wani wuri, bai daina ba. Daga ranar ba ta ƙara ɗiban ruwana ba, ko da nata ya ƙare.

Wata rana bayan darasi na bi malamin Turanci har bakin ofis. Na ce masa, "Malam, kalmar nan da ka koya mana. Idan mutum ya yi irin wannan rantsuwa a kan abin da ya gada, shi abin ina yake zuwa?"

Ya cire tabarau ya dube ni sosai. "Ƙamus bai faɗa ba," ya ce. "Ita kalmar, da mai bari kawai take kula, ba ruwanta da abin da aka bari. Lafiya dai?"

Na ce lafiya lau.

Damina ta yi ƙarfi a shekarar, gulbi ya cika ya shafe gonakin shinkafa. Ina gida hutu, wata rana bayan azahar, sai ga mutane daga ƙauyenmu a kan babura, tufafinsu duk laka. Wani magidanci ne jirgi ya kife da shi yana dawowa daga gona, an yi kwanaki ana nema ba a gan shi ba. Yayansa ne ya jagorance su. Ya tsuguna a gaban Baffa a zaure, ya riƙe ƙafarsa.

"Ba mu ce ka kira kowa ba," in ji shi. "Ka zo ka duba kawai. Uwarmu ta ƙi ci, ta ce sai ta ga an sa shi a ƙasa."

Baffa ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba a gemunsa. "Kana wurin, ka ji abin da na ce. Ko na tafi, ba ni ganin komi. Makaho nike yanzu, kamar kowa."

Inna ta aike ni in kai wa baƙi ruwa. Na shiga da kwanon sha, na durƙusa zan ajiye, idona ya faɗa cikin ruwan. Ban ga komai ba, ba zan yi ƙarya ba. Babu fuska, babu hoto. Sani ne kawai ya zo mini, irin yadda mutum yake sanin inda ƙafarsa take ba tare da ya duba ba. Na ji sanyi a bayana, na ji wani abu ya riƙe mini wuyan riga. Sai na ji bakina yana magana, da irin Hausar Baffa, wadda ni ba na yi:

"Shina ƙarƙashin giyayyar da ta faɗi, bayan mashayar shanu. Rigarshi ta sarƙe ga reshe. Ku shiga ta yamma, gabas akwai rami."

Ban taɓa zuwa mashayar nan ba. Ban san akwai bishiyar da ta faɗi ba. Yayan mamacin ya saki ƙafar Baffa, ya juyo yana kallona. Baffa bai ɗaga kai ba, amma na ga hannunsa ya daina jan carbi. Mutanen suka tashi ba wanda ya sha ruwan, suka hau baburansu. Kafin magariba aka bugo wa mahaifina waya. An same shi a wurin, rigarsa a sarƙe.

Inna ta yi kuka kamar ni ce na nutse. Ta ce gobe-goben nan a kira limamin unguwa da shaidu, in yi abin da Baffa ya yi, a gama. Mahaifina ya yarda. Da safe limamin ya zo, ya saurari labarin duka, ya daɗe yana shafa gemu. Ya tambaye ni ko na taɓa kai wani abu bakin ruwa, ko na kira wani, ko na yi alkawari. Na ce a'a. Ya ce to shi bai ga abin da zan rantse a kai ba, domin ba a warware abin da ba a ƙulla ba. Ya ba ni addu'o'in safe da yamma, ya ce in riƙe su, kada in nemi komai, kada in ba da komai.

Bayan ya tafi na sami Baffa a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, yana saƙa. Na zauna a gefen tabarmarsa.

"Baffa, malam ya ce ban ƙulla ba."

"Ni ma ban ƙulla ba, ɗiyata. Iske shi na yi. Kakanmu na can baya shi ya ƙulla, saura duk iske shi munka yi."

"To in tsaya in rantse, ko da malam bai so ba?"

"Kina iyawa. Amma sai kin fara cewa naki ne, gaban mutane, da bakinki. Su kuma suna ji." Ya ja zare ya ɗaure. "Kuma in kin aje, ba ɓacewa shikai ba. Gaba za shi."

Daga cikin gida ina jin muryar ƙanwata tana rigima da Inna a kan tsefe kai. Ita ke bi mini, kuma tun tana ƙarama in ta ga tabki sai an riƙe ta.

"Ka san haka lokacin da ka rantse?" na tambaye shi.

"Na san za shi neman wani. Na zaci babanki za shi samu, shi ko ya tsufa, ya yi nisa da ruwa, su gaji su bari. Ban zaci ke ba." Ya ajiye ragar a cinyarsa. "Ki yafe mini."

Na ce babu komai. A lokacin ban tabbata haka ne a zuciyata ba, amma daga baya ya zama haka.

Ban rantse ba, kuma ban karɓa ba. Na gama karatu, na dawo Gwandu ina koyarwa a sakandare, na yi aure. Ba na shiga jirgin ruwa, ba na zuwa bakin gulbi, in mota za ta hau gada nakan rufe ido in yi addu'a har a sauka. Danshin hijabi bai daina ba, na dai saba, kamar yadda ake sabawa da ciwon da ba ya kwantar da mutum. Sanin nan ya sake zuwa mini a wasu damunan, koyaushe ba da nemana ba. In ya zo nakan faɗa wa mahaifina, shi ya buga waya, ba tare da an ce daga ina ba. Kowa dai ya sani.

Baffa ya rasu da rani, bayan gajeriyar jinya. Ranar da zai cika, da hantsi, ya nemi ruwa. Na kawo masa a kofi, na tallafi kansa. Ya daɗe yana leƙa cikin kofin kafin ya kai baki, sai fuskarsa ta saki.

"Ruwa ne kawai," ya ce, ya shanye.

An binne shi a maƙabartar tudu, cikin busasshiyar ƙasa, kamar yadda ya roƙa. Masuntan ƙauyenmu sun zo gaisuwa da yawa. Da suka shigo cikin gida yi wa mata ta'aziyya, suka gaishe da Inna a tsaye, yadda aka saba. Da suka iso kaina, dattawa masu furfura, sa'o'in mahaifina, sai suka cire takalma suka tsuguna. Ba wanda ya ce komai ban da "Allah ya ba da haƙuri." Na rasa inda zan sa idona.

Bayan sun tafi aka ga ƙunshin busasshen kifi a bakin ƙofar ɗakina, manya-manya, irin wanda masunci ba ya sayarwa. Inna ta ɗauke shi da bakin zane, ba ta yarda ya taɓa hannunta ba, ta raba wa maƙwabta sadaka. Ta aika ƙauye ta ce kada a ƙara. Aka ce mata to. Da aka buɗe kamun kifi a shekarar da ta biyo baya, wani ƙunshin ya iso a motar kasuwa, direban ya ce shi dai an ce ya kawo gidan nan, bai riƙe fuskar wanda ya ba shi ba.